Allon Da Ya Fi Kwamfuta Tsada

Ina cikin wata na uku da fara aiki a wani ɗan kamfanin tace bidiyo a birnin Kolon na Jamus aka kawo wani kwali. Na zaci sabuwar kwamfuta ce, ashe allo ne, ɗan madaidaici, bai kai talabijin ɗin falon mahaifiyata ba. Rasit na manne a jikin kwalin. Na duba, na sake dubawa: kuɗin allon shi kaɗai ya zarce na kwamfutar da za a jona masa. Sai da na nemi kujera. Nan take zuciyata ta koma Titin Gidan Zoo, na shiga lissafin ɗakunan tacewa nawa wannan kuɗi zai buɗe a Kano, har da janareta da fanka.

Na kasa haƙuri, na tambayi shugabar wurin dalili. Ta ce kwamfuta sauri kawai take ba mutum, amma allo ne yake faɗa masa gaskiyar launi. Ta nuna mini bangon ɗakin da aka shafe da fenti ruwan toka don kada wani launi ya ruɗi ido, da wata 'yar na'ura da ake ratayawa a fuskar allon lokaci-lokaci ta daidaita shi da ma'aunin Rec.709 da gidajen talabijin ke bi. Kolon gari ne na manyan tashoshi irin WDR da RTL, kuma aikin da launinsa ya kauce wa ƙa'ida dawo da shi ake yi.

Raina ya ɗan sosu, don mu ma ai ba wasa muke yi ba. Da kwamfutar gwanjo, a ɗakin da zafinsa ke sa zufa ta ɗiga a kan madannai, ga wuta ana kawowa ana ɗaukewa, muke fitar da fim mai dogon zango duk mako, miliyoyi su kalla a YouTube. Na taɓa ganin intanet ya tsaya a nan na rabin awa, kowa ya naɗe hannu kamar an yi rasuwa. Na ce a raina, da a gida ne da ba wanda zai ɗago kai. Duk da haka idan na kalli yadda fatar mutum ke fitowa a aikinsu, iri ɗaya a waya da talabijin da majigi, sai in ji ina ma mu ne.

A makon ne ƙanena ya kira ni daga Kano. "Yaya, na tara 'yan kuɗi, zan shiga Farm Centre in sayi kwamfutar tacewa. An ce in dai Core i7 ce shi ke nan ko?"

Na ce masa a'a. Sunan i7 kaɗai ba ya nuna komai, sai an duba zubi na nawa ne. Wadda aka ƙera a 2013 ba za ta kamo i5 ta yanzu ba. Kada ya sayi abin da ya gaza zubi na 8, domin daga nan Windows 11 ta fara karɓa, ita kuwa Windows 10 an daina kula da ita tun Oktoban 2025. Ofisoshin nan suna ta fitar da tsofaffin da suka gaza, kuma mun san inda irin wannan kaya yake ƙarewa. RAM kada ya yi ƙasa da giga 16, in kuwa zai taɓa 4K to 32. Katin hoto ya zama mai zaman kansa, mai ma'adanarsa ta kansa, giga 8 in da hali. Aikin da ake kai ya zauna a SSD, tsohon faifai mai juyawa a bar shi ga ajiya.

Na kuma ja masa kunne kada ya kwaikwayi ƙatuwar kwamfutar tebur irin ta nan. Babban katin hoto yana shan wuta ɗaruruwan wat, ya zuƙe batirin inbata kafin a gama rendarin, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokinsa. Ga mai zaune da sola, laftof ta fi. Tun 2020 da Apple ta fito da M1, MacBook take tace bidiyo awanni a kan batiri ba tare da ta yi zafi sosai ba. Sai dai RAM ɗinta a liƙe yake, abin da ka saya da shi za ka zauna, don haka a yi lissafi tun a kanti. Idan kuma kwamfuta tana shaƙewa da 4K, ba lallai sai an sauya ta ba. A yi firoksi, wato ƙananan kwafin da ake tacewa da su, a koma kan na asali wajen fitarwa. Wannan dabarar mu talauci ya koya mana, su kuma a nan tsari ne na yau da kullum.

Wanda zai yi sautu daga Jamus ya lura da madannai. Nasu Z da Y sun yi musayar wuri, hannun da ya saba da Ctrl da Z sai ya sake koyo, kuma kan filoginsu ba irin namu ba ne mai ƙafa uku, na Ingila ne ya dace da soket ɗinmu. Abin da ya fi burge ni shi ne dokarsu: kayan da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba, sabon kaya kuma yana da lamunin shekara 2. Mu kuwa an san yadda ake ƙarewa idan ka fita daga shago.

Batun manhaja, yadda muke samunta a gida ba sai na faɗa ba. A nan ba a kusantar wannan hanya, domin masu sauke kayan sata ta torrent takardar lauya ke iske su har gida da kuɗin da za su biya. Premiere Pro haya ake yi wata-wata, tun 2013 Adobe ta koma wannan tsari. Final Cut Pro akan biya kusan dala 300 sau ɗaya, amma sai a kan Mac. Na ce wa ƙanena ya sauke DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya: akwai na kyauta, halastacce, yana fitar da aiki har Ultra HD, kuma wajen gyaran launi da shi manyan ɗakunan nan suke aiki. Kowane aiki ya ajiye shi kwafi uku, ɗaya a wani gida daban.

Har yanzu kuɗin allon nan bai daina yi mini yawa ba. Amma wata ranar Juma'a da kowa ya tashi, na jona tsohon faifaina, na buɗe bidiyon bikin ƙanwata da na tace a dare ɗaya ana ɗauke wuta sau uku. Aikin da nake alfahari da shi ne. A kan allon sai ga fuskar Hajiyarmu ta yi ja kamar an shafa mata jan-baki, farin leshinta ya ƙone fat, ba a ganin ko zare ɗaya na adon da ta yi wata biyu tana jiran tela ya gama. Shekara huɗu ban san haka yake ba.

Washegari na sake kiran ƙanena. Na ce ya rage kuɗin kwamfutar, ya nemi allo nau'in IPS mai cike launukan sRGB, ya koyi karanta ma'aunan haske da launi da ke cikin Resolve maimakon dogaro da ido, ya riƙa gwada kowane aiki a waya da talabijin kafin ya miƙa. Na kuma samo masa 'yar na'urar daidaita allo ta hannu, tana cikin jakata tana jiran mai zuwa gida. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, bangon fa?" Na ce ya sayi fenti ruwan toka, ni zan biya.