Neman allon zamiya a Dutsen Erciyes

Litinin

Na gama da allon haya. Ya yi mini rana lokacin koyo, amma yanzu da na fara sakin jiki a gangara, da gudu ya yi gudu sai hancinsa ya kama karkarwa. Erciyes dutse ne mai tsayin mita 3,917, kuma iska ba ta raga masa. Takan share garin dusar ƙanƙara ta bar fili da tauri, musamman da safe. Irin wannan wuri allo mai cizon ƙasa yake so.

Talata

Na sauka Kayseri, wani shagon kayan zamiya. Dattijon mai shagon bai bari na taɓa komai ba sai da ya ji nauyina da lambar takalmina: kilo 72, lamba 44. Na ɗauko wani allo na gwada tsawonsa da haɓata, yadda masu haya suke yi. Ya yi dariya. "Ƙanena, nauyinka ne zai lanƙwasa shi, ba tsayinka ba." Ya ce in tsaya tsakanin santimita 155 da 158.

Faɗi ya fi ba mu aiki. Ya ɗora takalmina a tsakiyar wani allo mai milimita 250, yatsu da dunduniya suka leƙo sosai. In aka kwanta a kwana, su za su fara jan ƙanƙara, sai mutum ya ji shi a ƙasa. Mai 258 ya zauna daidai.

Laraba

Gwaji a Ƙofar Tekir, wata mashigar filin zamiya na Erciyes. Da safe na hau wanda suke kira kamba: in ka ajiye shi a ƙasa, tsakiyarsa a ɗage take kamar bakan maharbi. Yana kama ƙanƙara mai tauri, yana kuma cilla ka daga kwana zuwa kwana, sai dai ba ya yafiya. Ka yi sakaci kaɗan, gefe ya cije, ka sha ƙasa. Da rana na karɓi kishiyarsa, mai hanci da wutsiya a ɗage, samfurin da kamfanin Lib Tech ya yi suna da shi wajen 2007 da allonsa Skate Banana. Juyawa ba wuya, amma a wuri mai tauri sai ya riƙa sulɓewa. Wannan matakin na wuce shi.

Alhamis

Iska ta hana motocin igiya na sama aiki. Shayi kawai, da jinyar cinyoyi.

Juma'a

Bayan masallaci na gwada na uku, ruwa biyu: kamba tsakanin ƙafafu, ɗagawa kaɗan a hanci da wutsiya. Taurinsa 5 ne cikin 10, kodayake lambar nan ba abin dogaro ba ce, don kowane kamfani da ma'auninsa. Na tokare wutsiyarsa a ƙasa na danna tsakiya da tafin hannu, ya ba da kai ya dawo da ƙarfi. Zanen jikinsa muni ne da shi, wani kore mai ɗaukar ido, amma dusar ƙanƙara ce za ta rufe shi.

Asabar

Na sayi na ukun. Kafin in biya, dattijon ya duba maɗaurin takalmina, domin allunan kamfanin Burton na yanzu dogon kwari gare su maimakon ramukan kusoshi, kuma ba kowane maɗauri ke hawa kansu ba. Allona mai ramuka ne, ba matsala. Ƙasan allon irin mai shan kakin nan ne: ya fi gudu, amma in aka bar shi ya bushe sai ya yi fari-fari ya riƙa ja. Ya haɗa mini da dunƙulen kaki da abin kankarewa, ya ce tsohon dutsen guga ma ya isa, muddin ba zan mayar da shi kan riguna ba.