Jirgin Alhaji a Filin Makarantarmu

A wannan wata ina so in ba ku labarin wani darasin lissafi da na shirya wa 'yan ajina, wanda a ƙarshe ni ne na koma gida da abin tunani.

Duk wanda ya san Gene ya san mu 'yan bakin hanya ne. Babban titin da ya taso daga Kwatano ya ratsa Faraku da Kandi, ta garinmu yake bi kafin ya kai Malanbil da gadar Kogin Kwara. Da aka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, sai manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin titi, direbobi suka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashinsu. Ko da aka koma makaranta, sai na ga benci ya fara giɓi. Manyan yaran sun gano cewa dako a bakin kogi, inda kwale-kwale ke ƙetarar da mutane da kaya zuwa Gaya, ya fi zaman aji kawo kuɗi. Cikinsu har da wani yaro ɗan direba, wanda duk ajin babu mai kansa a lissafi.

Ran nan ya dawo daga wajen dangi a Malanbil da wata tsohuwar takardar mujalla da aka ƙunsa masa ƙosai a ciki. Duk da maiƙo, ana ganin hoton wani farin jirgin sama siriri, ga kujerun fata a ciki. Ya ce, "Mushe, wannan na mutum ɗaya ne wai?" Na ce haka ne, ya dawo gobe zan yi masa bayani. Wato tarko na ɗana masa. Daren nan na kwana ina bincike a waya.

Jirgin da na zaɓa shi ne Global Express na kamfanin Bombardier da ke Kanada, wanda ya fara tashi a 1996, domin samfurinsa da ake kira XRS ne jaridu suka ce Alhaji Aliko Ɗangote ya saya a 2010, a kan dalar Amurka wajen miliyan 45. Da safe muka fita fili da igiyar awo da toka. Muka auna mita 30, tsawon jirgin ke nan, muka auna kusan 29 daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin. A tsakiya muka zana ɗakin fasinja: tsawo kusan mita 15, faɗi mita biyu da rabi. Muka raba shi uku, wurin zama da hira, wurin cin abinci da taro, sai ƙurya mai gado da makewayi, ga ɗan madafi can gaba kusa da matuƙa. Na ce kowa ya shiga. Yara sittin da ɗoriya suka shige tsaf, suna ta dariya. Da na gaya musu ba a ɗaukar fiye da mutum 19, sau da yawa ma ba su kai goma ba, sai dariyar ta ragu.

Daga nan muka shiga dalilai, don ban so su ɗauka abin tsafi ne. Injinansa biyu na Rolls-Royce can baya suke, kusa da wutsiya. Fikafikan an karkatar da su baya domin su rage turjiyar iska idan gudu ya kusa na sauti, kuma a cikinsu ake zuba yawancin man, wanda duka-duka ya kai tan 20. Yana iya hawa har mita 15,500, sama da inda manyan jiragen haya ke bi, saboda can iska ba ta da kauri, mai ba ya saurin ƙarewa, hadari kuma yawanci yana ƙasa. A waje sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri, ba wanda zai yi numfashi ya rayu, amma ana tura iska cikin ɗakin a matse ta, har na ciki ya ji kamar bai fi saman tudun Jos da yawa ba. Da gudun kilomita 900 a awa, yana cin fiye da kilomita 11,000 bai sauka ba. Daga Legas zuwa New York sai ya je da sauran mai.

Na tuna musu cewa kakan mahaifiyar mai jirgin, Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, fataucin goro ya yi tsakanin Kano da Gwanja, a zamanin da ayarin jakuna ke ratsa ƙasar Borgu suna watanni a hanya. Da yawa daga cikinmu Hausawan Benin irin waɗannan ayarori ne suka bar kakanninmu a zango. Na ce abin da attajiri ya saya da kuɗinsa lokaci ne, kujerar fata gyara ce aka yi masa.

Sai na ba su aiki: daga nan zuwa Kwatano kilomita 700 ne a ƙiyasce, minti nawa jirgin zai yi? Yaron nan ya riga kowa, ya ce minti 47, alhali mota wuni guda take yi. Bai zauna ba. Ya ce, "Mushe, shi ma ana tsayar da shi a gada?" Na gaya masa gaskiya, cewa sama ma tana da iyaka, sai da izini ake ratsa ta, kuma a watan Agustan 2023 Nijar ta rufe tata, jirage suka riƙa zagaye. Ya sunkuya kan allonsa, can ya ɗago ya ce, "Kin koya mana..." ya gyara, "Ka koya mana kewayen duniya kilomita 40,000 ne. To awa 45 na tafiya sun ishe shi ya zagaye ta. Babana wata uku ke nan bai ƙetare gada ba."

Wallahi ban sami amsa ba. Na shirya in ce masa su yi karatu su ƙera irinsa, sai maganar ta yi mini nauyi a baki. Ana cewa sannu ba ta hana zuwa, to ai mai tafiya ake gaya wa haka. Mu a nan nisa bai taɓa gagararmu ba, kakanninmu da ƙafa suka ci shi. Tsayuwa ce ke cinye mu: albasa ta ruɓe a buhu, direba ya cinye jarinsa a gindin mota, yaro ya bar aji ya ɗauki gammo. Ba mu roƙi jirgi ba. Hanya muke so wadda in an kama ta za a kai.

Abin da na iya shi na yi. Na je na sami mahaifiyarsa, muka yi yarjejeniya: dako Asabar da Lahadi, sauran kwanaki aji. Ya zauna jarrabawar fita firamare a watan Yunin 2024, ya kuma ci. Zanen tokar kuwa iskar hunturu ta share shi cikin kwana biyu, amma har yau in wani farin layi ya ratsa sama, sai ka ji yara na gardamar mita nawa yake.

Iyaye, don Allah a bar yara su gama aji shida ko da wuya. Allah Ya buɗa mana hanyoyinmu, amin.