Darasin da Zoɓo Ya Rushe Mana

Wannan makon mu layi ya zo wa. Da yawanku sun sha tambayarmu, wai me farar hula yake yi a bariki da biro da kwamfuta? To bari mu amsa da labarin wani kuskure da muka tafka, don shi ya koya mana aikin fiye da duk takardun da muka karanta.

Duk wanda ya tashi a Sabon Gari ya san muryar kurata da asuba, suna gudu suna waƙa tun kafin masu ƙosai su hura wuta. Zariya garin horon soja ce tun tuni. Defo, inda ake mayar da ɗan gari soja, tana nan tun 1924, kuma barikin da take ciki, Chindit, ya samo sunansa daga rundunar da ta yi yaƙi a dazukan Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda kakanninmu na cikinta. Ga makarantar sakandaren soja da aka buɗe a 1954, ga barikin Basawa can bayan Samaru. A gefe guda kuma ga Jami'ar Ahmadu Bello, inda biyu daga cikinmu suka karanci koyarwa. Na ukunmu tsohon samanja ne da ya yi ritaya, muna ce masa Baba Samanja. Wata cibiyar horo, ba sai mun kama suna ba, ita ta haɗa mu aikin tsara darussa.

Ba mu riƙe bindiga, ba mu tsayawa gaban fareti. Aikinmu shi ne mu zauna mu tambaya: me ake so wannan yaro ya iya yi da hannunsa, a wane hali, kuma da me za a gane ya iya? Daga nan mu rubuta wa mai horarwa darasi, mu shirya kayan koyarwa da gwaji. Wannan fanni ma a bariki ya girma. A 1975 masana a Jami'ar Jihar Fulorida suka tsara wa sojojin Amurka matakan da har yau ake bi: a binciki buƙata, a zayyana darasi, a haɗa kayansa, a koyar, a auna. Duk mun haddace matakan nan biyar. Na ƙarshen ne muka yi wa riƙon sakainar kashi.

An ba mu darasin taimakon gaggawa mu gyara, musamman ɓangaren tsayar da jini. Idan harsashi ko ɓarɓashin bam ya yanke babbar jijiya a hannu ko ƙafa, mutum na iya cikawa cikin 'yan mintoci, tun kafin likita ya iso. Abin da ke ceto shi ne maɗauri, wata ɗamara mai ɗan sanda da ake murɗawa har jinin ya tsaya. Muka yi makonni muna aiki. Muka haɗa hotunan majigi masu kyau, da zanen jijiyoyi ja da shuɗi, da Turanci irin na littafin likitoci. Aka koyar, aka yi jarrabawar rubutu, kusan kowa ya ci. Mu biyu 'yan jami'a har shayi muka je muka sha a PZ don murna.

Baba Samanja bai ce komai ba sai da rukuni na biyu ya fita. Ranar ya dube mu ya ce, “Malamai, takarda ta ci jarrabawa. Yaran fa?” Muka ce ai ga maki nan. Ya ce, “Ku ba ni dare ɗaya da jarkar zoɓo.”

Da izinin hafsan da ke kula da horo, muka tare sabon rukuni da daddare, cikin hunturu, bayan sun dawo doguwar tafiyar ƙasa ƙafafunsu duk sun yi bororo. Aka kashe fitilu. Baba ya kwantar da wasu a ƙasa, ya kwarara musu zoɓo a wando, ya ce su yi ta ihu kamar da gaske. Sauran aka miƙa musu maɗauri.

Abin da muka gani bai bar mu mun yi barci ba. Wani ya ɗaura a kan gwiwa, inda ba ya matse komai. Wani ya ɗaura a ƙasan raunin. Wasu sun ɗaura daidai, amma da abokin ya ƙwalla ƙara sai suka sassauta don tausayi. Wani yaro da ya fi kowa maki ya tsaya riƙe da maɗaurin yana karanto mana jimlar da muka rubuta, kalma bayan kalma, hannunsa na rawa. Da muka tambaye shi ma'anar doguwar kalmar da muka sa a madadin “zubar jini”, sai ya sunkuyar da kai. Ya haddace ta, bai san ta ba.

Laifin ba na yaran ba ne, ba kuma na masu horarwa ba, don abin da muka miƙa musu suka koyar. Namu ne. Mun rubuta darasi don ɗalibin da ya ƙoshi, yana zaune kan kujera ƙarƙashin fanka. Wanda zai yi amfani da shi kuwa yaro ne ɗan shekara 19 ko 20, a gajiye, cikin duhu, ga tsoro, ga abokinsa na kiran uwarsa. Mun auna abin da ya fi mana sauƙin aunawa, muka bar abin da rai ya rataya a kai.

Muka koma farko. Hotunan majigi muka zubar da mafi yawansu. Darasin ya dawo umarni huɗu gajeru: ɗaura sama da raunin, kauce wa gaɓa, murɗa har jini ya tsaya, rubuta lokaci. Turanci shi ne harshen umarni a soja, kuma kurata daga kowace jiha suke zuwa, don haka muka bar shi, amma muka sauƙaƙa shi, muka sa a maimaita da Hausa da buroka. Baba ya tuna mana cewa wannan ba sabon abu ba ne. Zamanin Turawa Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Ingila sai sun koye ta, kuma daga nan Barikanci ya fito, irin wanda marigayi Usman Baba Pategi ya riƙa ba mu dariya da shi a wasan Samanja. Ko a 2017 rundunar sojan ƙasa ta umarci jami'anta su koyi Hausa da Yarabanci da Ibo. Gwajin ma muka sauya shi. Ba wanda zai wuce sai ya ɗaura wa abokinsa, ya ɗaura wa kansa da hannu ɗaya, ya kuma yi idonsa a rufe bayan ya sha gudu. Zoɓo ya shiga jerin kayan aiki a rubuce.

Bayan shekara biyu, muna cikin kasuwar Sabon Gari da Baba, wani saurayi mai dogara sanda ya ƙame ya sara masa. Ya dawo ne daga Borno, ƙafarsa ta hagu an yanke daga gwiwa. Muka tambaye shi ko darasin ya yi amfani. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ya yi. Amma akwai abin da ba ku faɗa mana ba. Zafin ɗaurin ya fi na harbin. Ni da bakina na yi ta roƙon abokina ya kwance, har zaginsa na yi. Da ya ji maganata da yanzu ba na nan.” Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Yaro, ka ƙara mana karatu.” Washegari muka ƙara umarni na biyar: ko ya roƙe ka, kada ka kwance, sai mai magani ya zo. Muka kuma sa masu kwanciya a atisaye su riƙa magiya, don kunnen kurtu ya saba.

Wani kawunmu ya taɓa tambayarmu, cikin damuwa ba zolaya ba, ko ba ma jin nauyin taya koyar da yaƙi. Muna jin nauyi, amma ba ta inda yake zato ba. Yaran nan za a tura su daji, da mu ko ba mu. Abin da ke hannunmu shi ne su tafi da abin da suka iya da gaske. Nauyin da muke ɗauke da shi na rukunai biyun nan ne da suka fita da tsohon darasinmu, da maki mai kyau a takarda. Mun rubuta a aika da gyaran zuwa inda aka rarraba su, amma ba mu da tabbacin ya riski kowa. Duk sanda muka ji labarin an rasa sojoji a Zamfara ko bakin Tafkin Chadi, ba mai cewa uffan a ofishinmu, amma kowa ya san lissafin da ɗan uwansa yake yi a zuci.

Mun san a cikinku akwai malaman firamare da na Islamiyya, da masu koya wa yara ɗinki da gyaran waya. Idan ɗalibi ya ce “na gane”, a miƙa masa abin ya yi a gani, a irin halin da zai tarar a waje. Mu sai da jarkar zoɓo muka yarda da haka.

Muna roƙon ku sa yaran nan a addu'a, musamman waɗancan rukunai biyu. Allah Ya tsare na daji, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya yafe mana abin da muka gaza. Sai mun ji daga gare ku.