Kanambakashe: tiyar ƙasa da tiyar sama

Wanda ya baro Tasawa ya yi arewa maso yamma, rairayi da itatuwan goriba za su raka shi har Kanambakashe, a gundumar Mayahi cikin jahar Maraɗi. Ƙasar Gulbin Kaba ce, inda kabar goriba take zama tabarma da igiya, hatsi da wake kuma su cika kasuwa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa awo a nan ya san abu guda: kafin a yi ciniki sai an daidaita a kan tiya, don kuwa ta wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba.

To, mai karatu, ɗaga kanka. Garin yana kusa da layin da ya haɗa Yamai da Damagaram ta sama, kuma matuƙan jiragen da ke ratsawa su ma da tasu tiyar. Sunanta altimetir, agogon da ke nuna musu tsawon da suka kai. Nauyin iska yake aunawa, wanda ke raguwa yayin da ake hawa: kowane ektofaskal 1 kusan mita 8 ne a kusa da ƙasa. Sai dai nauyin iska ba ya zama wuri guda. Na Yamai da safe daban, na Damagaram da la'asar daban.

Saboda haka sau 2 matuƙi yake sauya saitin agogon. Kafin ya tashi, hasumiyar filin jirgi takan ba shi awon wurin, wanda ake kira QNH. Da shi agogon zai nuna tsawon filin daga teku, kamar mita 220 a Yamai. In ya hau ya kai wata iyaka da aka rubuta wa filin, sai ya mayar da shi 1013, awon da duniya ta yarda da shi. A Amurka iyakar ƙafa 18,000 ce. A ƙasashe da yawa ba ta kai haka ba. A sararin Kanambakashe, manyan jirage duka da 1013 suke tafiya, masu yin gabas a matakai na mara, masu yin yamma a na cika, da tazarar ƙafa 1,000 tsakani. Da kowa zai riƙe awon garinsu, da tazarar nan ta zama ta baka kawai. Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ke lura da wannan tsari a sararin Nijar.

Wajen sauka ne abin ya fi wuya. Da jirgi ya gangaro ya kai matakin sauyi, dole matuƙi ya bar 1013 ya karɓi awon Damagaram, filin da ya ɗara mita 450 daga teku. A ce ranar awon 1005 ne, shi kuwa ya manta: agogon zai ƙara masa sama da mita 60 da ba shi da su. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari, ido ba zai gyara wannan kuskure ba. A 23 ga Mayu 2022, kusa da birnin Pari na Faransa, an faɗa wa wani matuƙi 1011 maimakon 1001, ana cikin ruwan sama. Saura mita 2 jirgin ya taɓa ƙasa tun bai kai filin ba. Shi ya sa doka ta ce matuƙi ya maimaita lambar da aka ba shi, abokin tuƙinsa kuma ya duba nasa agogon.

Mai awo a Kanambakashe in ya yi kuskuren tiya, asarar ƴan dala ce, gobe a sasanta. Matuƙi kuwa, rayukan fasinja ne a cikin tiyarsa. Allah ya kiyaye matafiya, na ƙasa da na sama.