Kafin Mu Sayi Switch a Maikunkele

Mu nan Maikunkele, in an ce gem to ƙwallo ake nufi. Shi ya sa duk wanda ya kawo maganar sayen Nintendo Switch muke ce masa ya dakata tukuna.

Ba raina na'urar muka yi ba. Tun fitowarta a 2017 take burge mu: ka jona ta da talabijin, in an ɗauke wuta ka zare ta ka ci gaba a hannu, babu sayen man janareto. Sai dai masu yin wasan ƙwallo ba su ɗauke ta da daraja ba. Konami bai kawo mata PES ba. EA kuwa, daga FIFA 20 har FIFA 23, wasa ɗaya ya yi ta sauya wa riguna da sunayen 'yan wasa, sai a 2023 ya gyara da FC 24.

Ga kuma hannunta, Joy-Con, wanda kan sa ɗan wasa tafiya ba a taɓa komai ba, har shugaban Nintendo ya ba da haƙuri a 2020. A Amurka da Turai kyauta ake gyarawa. Ɗan'uwanmu da ya tara kuɗi ya sayo tokumbo a Minna fa, wa zai kai wa?