Zama Talatin da Biyar: Ciwon Ƙirjin da Ya Ƙi Jin Magani

A cikin birnin Kano kusan kowane ciwon ƙirji sunansa olsa. Mutum zai yi 'yar tafiya ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, nauyin ya gangara kafaɗa da hannun hagu, in ya tsaya ya huta abin ya lafa, sai ya aika a sayo masa maganin gyambon ciki. Alhali sau da yawa wannan alama ce ta cewa jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini sun ƙuntata. Likitoci na kiran ciwon anjaina.

Yawancin masu shi suna samun sauƙi da ƙwayoyi. Wasu a saka musu 'yar ragar ƙarfe ta buɗe jijiyar, wasu a yi musu tiyata a sama wa jini wata hanya. Amma akwai waɗanda an yi duk abin da za a yi, ciwon bai tafi ba. Kawuna yana cikinsu. Shekara da shekaru a ƙafa yake zuwa rumfarsa a Kurmi daga gidanmu na gindin Dala, sai ga shi masallacin unguwa ma sai ya yada zango sau biyu, ƙwayar ƙarƙashin harshe na aljihunsa. Da aka sake duba shi a Indiya, inda aka saka masa ragar, likita ya ce sauran jijiyoyin sun yi sirantar da ba za a taɓa su ba, ya ba da shawarar wata jinya da ake kira EECP a taƙaice. Ni na zauna da shi har aka gama.

Babu yanka, babu allura. Majinyaci zai kwanta, a naɗa masa maɗaurai irin na awon hawan jini a sha-raɓa da cinyoyi da ɗuwawu, na'ura na bibiyar bugun zuciyarsa. Duk lokacin da zuciya ta saki tsakanin bugu da bugu, sai maɗauran su cika da iska bi da bi daga ƙasa zuwa sama, su koro jinin ƙafafu zuwa ƙirji, domin a wannan ɗan lokacin ne zuciya ke shan nata jinin. Kafin ta sake bugawa sai su sace gaba ɗaya, aikinta ya yi sauƙi. Awa ɗaya a rana, kwana biyar a mako, har mako bakwai: zama 35 ke nan.

Ba sabon abu ba ne. Masu bincike a Amurka suka fara gwada dabarar, likitocin birnin Gwanju na ƙasar Sin suka inganta ta. A 1999 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka kan majinyata 139, wanda ya nuna ciwon ya rage tasowa ga waɗanda aka yi musu cikakkiyar jinyar. Duk da haka, ƙungiyoyin likitocin zuciya na can sun ajiye ta a sahun abin da za a iya gwadawa idan sauran hanyoyi sun gaza, ba abin da ake farawa da shi ba.

Kawu bai warke ba, har gobe yana shan magungunansa. Amma ya koma zuwa masallaci ba tare da tsayawa ba, kuma wanda bai taɓa ƙirga takunsa ba ba zai san girman wannan ba.

Saboda haka, mai karatu, duk wanda ya ce maka na'urar tana wanke jijiya ko tana maye gurbin tiyata, kasuwarsa yake ci. Kuma ba kowa ta dace da shi ba: mai juna biyu, mai daskararren jini a jijiyar ƙafa, mai hawan jinin da bai daidaita ba, da wanda ƙofar babbar jijiyar zuciyarsa ke yoyo, ba a yi musu ita. Likitan zuciya ne kaɗai zai tantance.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne mako bakwai a ƙasar wani: kuɗin masauki, rumfa a rufe, iyali a nesa. Jinya ce da ta fi dacewa da mai kwana a ɗakinsa, tunda ba ta buƙatar ɗakin tiyata, sai gado da wutar lantarki tsayayya da ma'aikaci ƙwararre. Ina roƙon gwamnatin jiha da masu hannu da shuni su zauna da likitocin zuciya na Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, a duba yadda talaka zai same ta a gida cikin rahusa.

Kafin nan, duk wanda ƙirjinsa ke nauyi in ya yi tafiya, ya ajiye maganin olsa ya je a auna zuciyarsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.