Abin da Shekara Arba'in Suka Koya Mini Game da Doka da Zuciya

Kwanan baya jikata da ta fara karatun lauya ta zo gaishe ni, ta tarar ina kwashe takardu daga akwatunan da na dawo da su daga Ingila. Ta ce, "Kaka, shekara arba'in kana koyarwa, a kan me ka ƙarar da su?" Na ce mata a kan tambaya ɗaya: idan doka ta ce a hukunta mutum, wanda aka ɗora wa yanke hukuncin kuma ya ga zalunci ne, me ya kamata ya yi? Na yi mata alkawarin rubuta abin da na gano, ga shi ina cikawa.

A Ingila da Amurka, idan laifi babba ne, ba alƙali ke faɗin ko wanda ake tuhuma ya aikata ba. Ana zaɓo mutane daga cikin jama'ar gari, yawanci 12, wani direba, wata malamar makaranta, wani mai kanti, su zauna su saurari shaidu. Su ake kira juri. Alƙali ya bayyana musu doka, su shiga ɗaki a rufe ƙofa, su fito da magana ɗaya: ya yi laifi ko bai yi ba. Ba sa faɗin dalili, ba a hukunta su kan abin da suka yanke, kuma a ƙa'ida wanda suka wanke ba a sake gurfanar da shi kan wannan laifin. Saboda haka suna iya sallamar mutum ko da hujja ta kama shi dumu-dumu, idan sun ga dokar ce azzaluma. Wannan juya wa doka baya shi ne fagen bincikena.

Ina ɗalibi wani malaminmu ya kai mu kotun Old Bailey a Landan, ya tsayar da mu gaban wani allo da ke manne a bango. Allon na tunawa ne da shari'ar 1670, lokacin da aka gurfanar da William Penn da William Mead saboda wa'azi a kan titin Gracechurch, bayan hukuma ta rufe ɗakin ibadarsu. Juri suka ƙi cewa sun yi laifi. Aka kulle su dare biyu ba ci ba sha, suka tsaya kan bakansu. Aka ci su tara, wani daga cikinsu mai suna Edward Bushel ya ƙi biya, aka jefa shi kurkuku, har Babban Alƙali John Vaughan ya yanke cewa ba a hukunta juri saboda hukuncinsu. Na karanta allon sau uku, tsikar jikina na tashi. A ranar na san abin da zan yi da rayuwata.

Na shafe shekaru ina tara irin waɗannan labarai. A ƙarni na 18 dokar Ingila ta tanadi rataya ga wanda ya saci kayan sule 40 daga cikin gida, sai juri su riƙa cewa kayan na sule 39 ne don su tsirar da wuyan ɓarawon. A 1735 juri a New York suka wanke mai buga jarida John Peter Zenger da ya soki Gwamna William Cosby. Bayan dokar 1850 da ta tilasta mayar da bayin da suka gudu, an gurfanar da waɗanda suka kuɓutar da wani bawa da ya gudu mai suna Shadrach Minkins a Boston a 1851, amma ba a samu juri da suka hukunta ko ɗaya ba. A 1985 kuma, ina Ingila, juri suka sallami Clive Ponting, ma'aikacin ma'aikatar tsaro da ya aika wa ɗan majalisa Tam Dalyell takardun sirri kan nutsar da jirgin ruwan Ajantina mai suna Belgrano, duk da alƙali ya nuna musu cewa doka ba ta tare da shi. A lokacin ina koya wa ɗalibaina cewa zuciyar talaka ba ta ɓata hanya.

Kuskurena ke nan, kuma wata ɗaliba ce ta nuna mini shi. Na je ba da lacca a wata jami'a a Amurka, na gama ana tafi, sai wata baƙar fata ta miƙe daga layin baya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce iyayenta daga Mississippi suka fito, ta tambaye ni a wane babi na ajiye Emmett Till. Yaro ne ɗan shekara 14 da aka sace, aka azabtar, aka kashe, aka jefa gawarsa a kogin Tallahatchie a 1955. Juri 12, duka maza farare, suka wanke Roy Bryant da J. W. Milam, waɗanda ake tuhuma da kisan, cikin ɗan abin da ya haura awa ɗaya. Bayan 'yan watanni mutanen biyu suka amsa kisan a mujallar Look, sun san babu mai sake kama su. Na san labarin, amma ban taɓa ajiye shi kusa da na Penn ba, domin yana ɓata mini lissafi. Na tsaya shiru, sannan na ce mata tana da gaskiya. A daren ban runtsa ba.

Darasi na farko da na ɗauka: ƙofar da Penn ya fita ta ita makasan Till suka fita. Wuƙar da ake yanka ragon suna da ita ita ce ake yi wa mutum rauni da ita, hannun da ya riƙe ta ake dubawa. Na biyu: kafin ka tambayi me juri suka yanke, tambayi su wa aka bari suka zauna. A gundumar da aka yi shari'ar Till baƙar fata ne suka fi yawa, amma babu ko ɗaya a rajistar masu zaɓe, don haka babu wanda ya cancanci zama juri. Ikon jinƙai idan aka damƙa shi ga ɓangare ɗaya na al'umma, makami yake zama a kan sauran.

Na uku ya fi ɗaukar mini lokaci. A 1895, a shari'ar Sparf, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba dole ba ne alƙali ya sanar da juri cewa suna da ikon juya wa doka baya. Da ƙuruciya na ɗauki hakan ɓoye gaskiya ne. Yanzu ina ganin hikimar da ke ciki, ko da har gobe tana yi mini nauyi: abin da aka tanada don ranar tsananin larura, idan aka mai da shi abincin kullum, doka ta zama wasan yara. Na sami hasken wannan a karatun da na yi a zaure tun kafin boko. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa shubuha tana kawar da haddi, kuma Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannun ɓarawo a shekarar yunwa. Sai dai shi ya yi hakan a bayyane, da dalilin da kowa ya sani, yana tsoron ranar hisabi. Juri kuwa a ɗaki rufaffe suke, babu mai tambayar su. Wanda babu mai tambayarsa a duniya shi ya fi buƙatar tsoron Allah.

A kotunan Najeriya ba a amfani da juri, saboda haka wannan nauyi yana kan alƙali, da lauyan gwamnati da ke zaɓar wanda zai gurfanar, da ɗan sanda da ke rubuta rahoto. Jikata, da ku sauran masu shirin sa baƙar riga, ga wasiyyata. Ku san doka ciki da waje, ku girmama ta, domin ita ce garkuwar wanda ba shi da kowa. Ranar da zuciya ta ce muku ku sassauta, ku tambayi kanku ko za ku yi wa baƙo abin da kuke shirin yi wa ɗan gida. In amsar a'a ce, son kai ne, ku bar shi. In kuwa i ce, ku yi, ku faɗi dalilinku a gaban jama'a, ku ɗauki abin da zai biyo baya. Allah Ya sa ku zama masu adalci.